Yadda Ake Sayen Tsofaffin Kayan Katako na Turai, a Kula da Su, a Sayar Ba Tare da Asara Ba

A gidajenmu idan durowa ta tsufa, kafinta ake kira ya kankare ta da samfefa, ya fesa mata sabon banish, ta dawo tana ƙyalli kamar ta amarya. A kasuwar tsofaffin kayan katako ta Turai, duk wanda ya yi haka ya zubar da kuɗinsa da hannunsa. Durowar da aka ƙera a Landan wajajen 1770, in ta iso yau da fatarta ta asali, da duhun da shekaru suka sa mata, da ɗan lotsawar da hannaye suka bari a gefen mariƙi, ta fi wadda aka kankare aka sabunta daraja nesa ba kusa ba. Wannan tsohuwar fata dillalai ke kira fatina, kuma ita ake saye, ita ake tsarewa, ita ake sayarwa.

Ƙa'idar da kasuwa da kwastan suka yarda da ita ita ce shekara 100. Abin da ya kai haka shi ne kayan tarihi, kuma a jadawalin kwastan na duniya lambarsa 9706. Wanda bai kai ba, komai kyansa, tsohon kaya ne kawai.

Mataki na farko: zaɓi abu guda ka san shi

Fagen nan yana da faɗi, wanda ya ce zai san na Ingila da na Faransa da na Italiya a lokaci guda zai tashi ba tsuntsu ba tarko. Shawarata ga mai farawa ita ce durowar Ingila ta zamanin sarakunan nan huɗu masu suna George, wato daga 1714 zuwa 1830. Suna da yawa a kasuwa, an yi su da ƙwari, kuma farashinsu ya faɗi ƙwarai tun daga farkon shekarun 2000, saboda gidajen Turawan yanzu ƙanana ne, matasansu kuma sun fi son fararen kaya marasa nauyi. A gwanjon ƙananan garuruwan Ingila, sau da yawa za ka ga durowa mai shekara 200 ta tafi a kuɗin da bai kai na sabuwa ta garin katako ba.

Katakon kansa yana faɗin zamani. Har zuwa wajajen 1660, da katakon oak Ingilawa ke aiki, mai nauyi da kauri. Daga nan yayin walnut ya shigo. Sai wani mugun sanyi ya sauka a Turai a 1709 ya kashe itatuwan walnut masu yawa, Faransa ta hana fitar da shi a 1720, Ingila kuma a 1721 ta cire haraji a kan katakon da ke zuwa daga ƙasashen da ta mallaka. Haka mahogani ya samu shiga, daga Jamaika da farko, sannan Kyuba da Honduras. Bayi 'yan Afirka ne suka sare yawancin itatuwan nan suka ja su zuwa bakin ruwa, abin da ba kasafai littafin gwanjo ke ambata ba.

Mahogani ba baƙo ba ne a wajenmu, domin maɗaci ɗan uwansa ne. Tun daga ƙarshen ƙarni na 19, da na Kyuba ya yi wuya, Turawa suka koma ɗaukar dangin maɗaci daga gaɓar Afirka ta Yamma, har da Najeriya da Gana. Ya fi na Kyuba rashin nauyi, idon katakonsa ya fi buɗewa. In aka ce maka kujera ta 1760 ce, ka ɗaga ka ji ba nauyi, ka fara zargi.

Idan na Faransa ya fi burge ka, ƙafa za ka fara kallo. Na zamanin Louis na 15, wanda ya yi mulki daga 1715 zuwa 1774, ƙafafunsu a lanƙwashe suke kamar na barewa. Na magajinsa Louis na 16 miƙaƙƙu ne, da zane-zanen kwari a tsaye. Daga tsakiyar ƙarni na 18 dokar ƙungiyar kafintocin Faris ta wajabta wa kowane maigida ya buga hatimin sunansa a jikin abin da ya ƙera, masu duba aiki kuma su ƙara nasu hatimin mai haruffa JME, har zuwa 1791 da juyin juya hali ya rushe ƙungiyoyin sana'a. Ana samun hatimin a ƙarƙashin dutsen marmara na saman durowa, ko a cikin firam ɗin kujera ta ƙasa. Sai dai hatimi ba shi da wuyar ƙerawa. A 2016 aka gano cewa fadar Versailles da kanta, da duk masananta, ta sayi kujerun jabu da aka ce na ƙarni na 18 ne. Dillalin da ya fara tona asirin ya ce har lasar katakon ya yi, ya ji ɗanɗanon wani alawa da ake narkawa a shafa don katako ya yi kama da tsoho.

Mataki na biyu: san inda ake saye

Wuri uku ne: gwanjo, shagon dillali, da kasuwar fili. Manyan gidajen gwanjo irin su Sotheby's da aka kafa a 1744, da Christie's na 1766, da Dorotheum na birnin Vienna wanda ya girme su duka tun 1707, na masu hannu da shuni ne. A Christie's ɗin Landan ne aka sayar da wani kabad da ake kira Badminton a Disambar 2004 a kan fam miliyan 19. Je ka kalla kyauta a ranakun baje koli, ka taɓa, ka buɗe, ka horar da idonka, amma sayayyarka ta farko ka yi ta a ƙaramin gwanjon gunduma, ko a Drouot na Faris inda ake gwanjo iri-iri a ɗakuna da yawa.

Kasuwannin fili sun fi daɗin yawo. Akwai Saint-Ouen a bakin Faris, akwai titin Portobello a Landan ranar Asabar, akwai babbar kasuwar Newark da ta Ardingly a Ingila, da Tongeren a Beljiyam kowace Lahadi da safe, da Arezzo a Italiya a Lahadin farko na kowane wata. Ana ciniki a can kamar yadda muka saba, sai dai ba irin tayin da za ka raba kuɗi biyu ba. Da asuba dillalai ke zuwa da tocila su kwashe na kirki, wanda ya zo da hantsi ragowa yake tararwa.

Shagon dillali ya fi tsada, amma kana sayen iliminsa da sa hannunsa. A Ingila, 'yan ƙungiyar dillalan kayan tarihi ta BADA ko ta LAPADA suna da ƙa'idar bayyana shekaru da gyaran da aka yi wa kaya a rubuce.

Mataki na uku: kifa kayan ka duba

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe. Mai jabu fuska yake yi wa ado, don ita ake kallo. Baya da ƙasa da ciki, inda bai zaci za a leƙa ba, nan gaskiya take. Ka tafi da tocila, da tef na awo, da ƙaramin maganaɗisu, da allura. Ka nemi izinin mai kaya, sannan ka zare aljihun durowar gaba ɗaya ka ɗora shi a ƙasa.

Fara da kusurwa, inda allon gaba ya haɗu da na gefe da haƙoran da Turawa ke kwatantawa da wutsiyar kurciya. Na hannu ba sa zama daidai wa daida: wani ya ɗan fi wani faɗi, tsakaninsu siriri, kuma za ka ga layin da kafinta ya tsaga da wuƙa don ya san inda zartonsa zai tsaya. In ka ga haƙora duk girmansu ɗaya, tazararsu ɗaya kamar na mataji, inji ne ya yanka, wato aikin ƙarshen ƙarni na 19 ne ko bayansa.

Juya aljihun ka shafa ƙasansa da tafin hannu. Allon da aka fere da hannu yana da ɗan tudu da kwari da ido ba ya gani sai hannu ya ji. Haska tocila a karkace ka nemi sawun zarto. Miƙaƙƙen sawu mara tsari na zarton hannu ne. Sawu mai lanƙwasa kamar baka na zarton inji mai zagaye ne, wanda bai yaɗu a shagunan kafintoci ba sai cikin ƙarni na 19. A durowar Ingila akwai ƙarin alama: kafin wajajen 1770 galibi jijiyar allon ƙasa daga gaba zuwa baya take tafiya, bayan haka aka koma shimfiɗa ta daga gefe zuwa gefe. Gefen aljihun da yake gogar jikin durowa dole ya cinye, haka ma sandar da yake zamewa a kanta. Aljihun da aka ja shekara 200 ba zai zama da kaifin baki ba.

Kada ka yi mamaki in ka ga ciki da baya ba mahogani ba ne. Katakon mai tsada a fuska kawai ake sa shi, cikin kuwa oak ne ko pine, bayan kuma alluna ne marasa kyau da ba a shafa musu komai ba, sun yi duhu da kansu saboda iska da ƙura. Bayan da aka shafa wa kala, ko aka rufe da filawud, ko ka ga garin katako da aka matse, duk alamar sabon hannu ce. Ka sansana ma. Tsohon aljihu warin ƙura da daɗewa yake yi, sabon aiki kuwa ƙamshin katako da sinadari ba ya ɓuya.

Sai ƙarfe. Ƙusar maƙera mai kusurwa huɗu da kai mara tsari ita ce ta kafin 1800. Ƙusa mai zagaye irin wadda muke saya a kasuwa ba ta yaɗu ba sai ƙarshen ƙarni na 19. Tsohon sukuru bakinsa a dakushe yake, ba tsini, tsagar kansa kuma sau da yawa ta kauce daga tsakiya. Mai tsini ya zo ne a tsakiyar ƙarni na 19, mai kan gicciye kuwa sai shekarun 1930. Sukuru guda sabo ba ya kashe kaya, wataƙila gyara ne aka yi. Amma in duka sababbi ne kuma ba tsohon rami ko ɗaya a kusa da su, labari ya sha bamban. Maganaɗisun kuma na mariƙai ne: tagulla ta gaskiya ba ta kama shi, ƙarfen da aka yi wa ruwan tagulla yana kamawa.

Leƙa bayan allon gaba na aljihu ka ƙirga ramuka. Ramukan da suka wuce na mariƙin da ke jiki suna nuna an taɓa canza shi. Wannan ruwan dare ne, domin mutanen zamanin Sarauniya Victoria sun cire mariƙan tagulla da yawa sun sa dunƙulen katako, na bayansu kuma suka sake mayarwa. Yana rage kuɗi kaɗan, ba ya hana saye.

Yawancin kayan nan an lulluɓe su da siririn fallen katako mai kyau da aka liƙa a kan mai araha. Nemi inda ya ɗan ɓalle ka ga kaurinsa. Wanda aka yanka da zarton hannu yakan kai milimita 2 ko kusa da haka, na injin zamani kuwa bai kai milimita 1 ba, kamar takarda. Idan tebur mai zagaye ne, auna shi ta tsawon jijiya, ka sake aunawa ta gicciye. Katako ta faɗi yake tsukewa, ba ta tsawo ba, saboda haka tsohon tebur ba ya zama cikakken da'ira. In awo biyun sun zo daidai cif, sabo ne ko an sake yanke shi.

Abu biyu sun fi cin masu farawa. Na farko haɗin gambiza: a ɗauki saman wani kabad a ɗora a kan gindin wani, dukansu tsofaffi amma ba tare aka haife su ba. Koma baya ka duba ko allunan sama da na ƙasa iri ɗaya ne, launinsu ɗaya, kuma haƙoran aljihunan sama da na ƙasa hannu ɗaya ya yanka. Na biyu rage girma. Ƙaramar durowa ta fi babba tsada domin tana shiga kowane ɗaki, don haka akan yanke babba a mayar da ita ƙarama. Alamarta ita ce mariƙai sun matso gefe fiye da kima, ko haƙoran gefe ɗaya sun fi na ɗaya gefen sabunta.

Ramukan ƙwaron katako, masu faɗin milimita 1 zuwa 2, kusan kowane tsohon walnut ko pine yana da su. Tsutsar takan yi shekaru tana cin ciki kafin ta huda ta fito, saboda haka hanyarta a karkace take. Tura allura: in ta shige miƙe zuwa ciki, da abin huji aka yi ramin don yaudara. In kuma ka ga hanyoyin tsutsar a buɗe a saman allo kamar zanen taswira, an yanke ko an fere katakon bayan ƙwaron ya gama cinsa, wato da tsohon katako aka yi sabon aiki. Ɗan bubbuga wajen. Gari mai haske da ya zubo yana nufin ƙwaron yana nan da ransa. Mahogani na gaske ba kasafai ƙwaron ke kula shi ba.

Kujera mai kushin kuma, danna mazauninta. Sifirin bai shiga kujeru ba sai wajajen 1830, don haka kujerar 1760 mai sifirin an sake mata ciki daga baya. Sabon yadi ba laifi ba ne, ba yadin da zai yi shekara 250 ana zama a kansa. Firam ɗin ne abin dubawa, kuma na gaske za ka same shi cike da ramukan ƙananan ƙusoshi na sauye-sauyen yadi da aka yi ta yi.

Mataki na huɗu: karanta kalma, yi lissafi, karɓi takarda

Kalma guda a littafin gwanjo tana raba dubu da ɗari. A Ingila in an rubuta sunan sarki kai tsaye, ana nufin a zamaninsa aka yi kayan. In an ƙara kalmar "style", kwaikwayo ne na baya. A Faransa "d'époque" na zamanin ne, "de style" kwaikwayo ne, kuma wata doka ta 1981 ta ɗaure mai sayarwa da ma'anar kalmar da ya rubuta. Haka sunan Chippendale. Thomas Chippendale ya wallafa littafin zane-zanensa a 1754, kafintoci ko'ina suka riƙa kwafa, shi kuwa ba ya buga hatimi a kayansa. Wanda aka tabbatar nasa ne, ta takardun biyan kuɗi aka gane, kamar na gidan Dumfries a Scotland da gidan Harewood. Saura duk salon ne kawai.

Nemi rahoton lafiyar kayan a rubuce kafin ranar gwanjo, kyauta ne. Sannan ka tuna kuɗin da aka buga guduma a kai ba shi za ka biya ba. Gidan gwanjo yana ɗora la'adar mai saye, galibi tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, da harajin VAT a kan la'adar. A ce ka ci kaya a fam 400 a gidan da ke karɓar kashi 25: la'ada fam 100, harajinta na kashi 20 fam 20, ka tashi a fam 520 tun ba a yi maganar mota ba. Wanda ya yi tayi ta intanet sau da yawa akwai ɗan ƙari. Rubuta iyakarka a takarda kafin a fara, domin zafin gwanjo yana sa mutum ya ga kamar mutuncinsa ake tayawa.

A wajen dillali, rasit ɗin ya faɗi mene ne kayan, wane katako, wajajen wace shekara, da gyaran da aka yi. Mai kayan da ya rantse da baki amma ya ƙi rubutawa, bar masa kayansa.

Mataki na biyar: doka da jigila

Kafin ka biya, tambayi ko akwai hauren giwa, ko ɓawon kunkurun teku, ko katakon rosewood a jiki. Dukansu suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya ta kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ɓacewa, kuma ƙetare iyaka da su sai da takarda. Rosewood na Brazil ya shiga jerin mafi tsanani tun 1992. A Birtaniya dokar hauren giwa ta 2018, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2022, ta hana cinikinsa, sai 'yan keɓantattu, kamar kayan da aka yi kafin 1947 kuma hauren bai kai kashi 10 na jikinsa ba, shi ma sai an yi masa rajista. Ɗan farin zoben da ke kewaye da ramin makulli a durowa yana iya zama haure. Irin aikin Boulle na Faransa kuwa, mai zanen tagulla a kan ja ko baƙi, da ɓawon kunkuru ake yin sa. Mai farawa ya kauce musu ya huta.

Faransa da Italiya da Birtaniya duk suna neman lasisin fitarwa ga kayan tarihi da suka kai wasu shekaru da wani kuɗi. Durowar fam 500 ba ta cika shiga wannan ba, amma kamfanin jigila da ya saba da kayan tarihi zai gaya maka. Akwatin katakon da za a sa kayan ya kasance mai hatimin ISPM 15 na maganin ƙwari, a yi inshora, kuma ka san dokar kwastan ta ƙasar da za a kai tun kafin kaya su hau ruwa.

Mataki na shida: kulawa

Babban abokin gabar tsohon katako shi ne sauyin danshin iska. Gidajen tarihi suna riƙe shi tsakanin kashi 40 zuwa 60. Wanda ke zaune a Turai, hitar ɗaki ce matsalarsa, sai ya nisanta kayan da ita. Wanda zai kawo gida kuwa, ya yi tunani sau biyu. A Kano danshi yana sauka ƙasa da kashi 20 da hunturu, ya haura kashi 70 a watan Agusta. Na taɓa kawo wani ƙaramin tebur na mahogani da ya yi fiye da ƙarni a Ingila lafiya lau. A hunturunsa na farko, cikin dare, muka ji ƙara kamar an karya rake. Da safe sai ga tsaga daga wannan baki zuwa wancan. Laifina ne, kusa da taga na ajiye shi, ga na'urar sanyaya ɗaki tana busa shi da rana.

In ka nace sai ka kawo, zaɓi kayan da aka yi da katako zalla, ka guji masu liƙaƙƙen falle da zane-zanen ƙananan guntaye, don su ne ke fara ɓamɓarewa. Sayi ɗan agogon auna danshi, ba shi da tsada. Ajiye kayan a ɗakin tsakiya da ba ya shan rana, rufe tagogi da hunturu, kunna na'urar ƙara danshi. Da damina kuma a bar iska ta riƙa ratsawa don kada fumfuna ta kama. Kada kayan su jingina da bango, kuma kowane wata a haska tocila a ƙafafu da baya a nemi hanyar gara. Gara ba ta san Louis na 15 ba.

Shara da busasshen ƙyalle mai laushi ta isa. Wajen sassaƙa a bi da burushi mai taushi. Sau ɗaya ko biyu a shekara a shafa kakin zuma na goge katako, ɗan kaɗan, a bari ya sha iska, a goge da tsabtataccen ƙyalle ta bin jijiya. Man feshi na kanti mai silikon yana barin wani maiƙo da ke hana gyara kamawa daga baya. Man zaitun da man gyaɗa kuwa shiga suke yi su yi duhu su riƙa kama ƙura. Adon tagulla mai ruwan zinariya na kayan Faransa kada a kusance shi da man goge ƙarfe, zinariyar ce za ta tafi, kuma ba ta dawowa.

Ga wani gargaɗi da ya shafe mu musamman. Kayan ƙarni na 19 da yawa da shelak aka goge su, wani ƙaro da ke narkewa a sifirit. Turaren feshi sifirit ne a cikinsa. Kwalbar turare guda da ta yi yoyo a kan durowa za ta ci fatar har katako. Kaskon turaren wuta, da butar shayi, da kofin ruwan sanyi mai zufa, kowannensu yana barin tabo. A shimfiɗa wani abu a ƙasa, ko ma a sama musu wani wurin.

Wajen matsarwa a ɗaga, kada a ja, domin ja ne ke karya ƙafa. A zare aljihuna tukuna, a lura da wanda ya fito daga wane gurbi, don kowanne da gurbinsa aka fere shi. Kujera ta ƙarƙashin mazauni ake ɗaukarta, ba ta hannu ko baya ba. Dutsen marmara a tsaye ake ɗaukarsa kamar gilashi, in aka ɗauke shi a kwance nauyinsa na iya raba shi biyu. Aljihun da ke cijewa, a goga masa kyandir a gefe.

In guntun falle ya faɗo, saka shi a ambulan ka ajiye a cikin aljihun. Kada ka liƙa da sufa gulu. Kafintocin da suka yi kayan nan da gam ɗin fata da ƙashi suka yi aiki, wanda ɗumi da danshi ke sakinsa, shi ya sa ake iya kwance kujera mai shekara 200 a sake ɗaure ta. Gam ɗin zamani in ya kama ya kama ke nan, ranar da wajen ya sake motsi katakon ne zai yage. Ƙwaro mai rai kuma, ware kayan daga sauran, a kai wa masu aikin: suna sa maganin permethrin, ko su rufe kayan a jakar da aka zuƙe wa iskar shaƙa na wasu makonni.

Mataki na bakwai: sayarwa

Kada ka gyara komai kafin mai ƙima ya gani. Share ƙura kawai. Dillalai sun fi son kayan da ba a taɓa ba, suna da nasu masu gyaran, kuma kuɗin da ka kashe a gyara da wuya ya dawo. Ɗauki hoto da hasken rana: gaba, gefe, baya, ƙasa, haƙoran aljihu, duk wani hatimi ko takardar da ke liƙe, da kowane aibi. Rubuta tsawo da faɗi da zurfi. Tura wa gidajen gwanjo biyu ko uku, yawancinsu suna ba da ƙiyasi kyauta.

Gwanjo yana cire la'adar mai sayarwa, sau da yawa kashi 10 zuwa 15, wani gidan ya ƙara kuɗin hoto da inshora, kuɗinka kuma sai bayan wasu makonni. Dillali yana biya nan take, amma ba zai ba ka kuɗin da ke rubuce a shagonsa ba, domin haya da gyara da jiran mai saye duk a wuyansa suke. Sayarwa da kanka a shafukan intanet irin su eBay ko Leboncoin ta fi riba in ka iya jure masu tayin wasa da 'yan damfara. Kada kaya su bar hannunka sai kuɗi sun zauna a asusu.

Da gidan gwanjo za ku yanke mafi ƙarancin kuɗin da ka yarda a sayar. Kada kwaɗayi ya sa ka ɗaga shi. Kayan da aka fitar ba su samu mai saye ba, sakamakon yana nan a intanet kowa na gani, kuma in sun sake fitowa da rahusa ake taya su. Ƙiyasi mai sauƙi shi ke jawo mutum biyu su yi ta ja-in-ja, kuma mutum biyun nan su ne ke ɗaga farashi.

Faɗi aibin da ka sani, da gyaran da aka yi. Bayan kasancewarsa haƙƙi, mai saye a wannan kasuwa da tocilarsa yake zuwa, in ya gano abu guda da ka ɓoye zai zargi sauran. Haɗa duk takardun da ke nuna inda kayan suka fito: tsohon rasit, shafin littafin gwanjon da ka saya, hoton ɗakin da suka zauna, takardar CITES in akwai. Tsohuwar takardar kamfanin jigila da ke liƙe a baya, ko lambar da aka rubuta da alli, kada ka kankare don tsabta. Kafin ka miƙa durowar, zare aljihun sama ka duba bakinsa ta sama da tocila. Kamfanin Gillows na Lancaster a nan yake buga sunansa tun ƙarshen ƙarni na 18, da ƙananan haruffan da datti ke iya rufewa, kuma durowar da aka samu sunan a jikinta ba a kuɗin sauran ake taya ta ba.